Yadda za ka sa baki idan za a ƙara wa tashar nukiliya wa'adi a Amurka

A Amurka duk tukunyar nukiliyar da ke ba da wutar lantarki da lasisin shekara 40 take fara aiki, haka dokar makamashin nukiliya ta 1954 ta tanada, kuma ba wai injiniyoyi ne suka auna suka ce ƙarfe zai mutu a shekara ta 40 ba, lissafin kuɗi ne da tsoron kar kamfani ɗaya ya kankane kasuwa ya sa aka tsayar da wannan adadin. Idan wa'adin ya kusa cika kamfani yana da damar neman ƙarin shekara 20, daga baya ma ya sake neman wata 20 ɗin, kaga an kai 80 kenan. Hukumar da ke bayarwa ita ce NRC, hukumar tarayya mai kula da harkar nukiliya, mai hedikwata a Rockville jihar Maryland. Tashar Calvert Cliffs ta jihar Maryland ce ta fara samun ƙari a shekarar 2000, zuwa yanzu tukwane fiye da 90 sun samu, don haka ba wani abu bane da ake yi jefi-jefi, kusan kashi ɗaya cikin biyar na wutar ƙasar daga waɗannan tsofaffin tashoshin yake fitowa.

Toh abin da zan nuna anan shine yadda mutum zai bi binciken muhallin da ake yi kafin a ba da ƙarin, har ya sa bakinsa a inda za a ji shi, ko kana zaune kusa da tashar ko kai ɗalibi ne mai karatun muhalli ko ɗan jarida. Saboda gaskiya mutane da yawa suna zuwa taron su yi ta kumfar baki akan abin da dokar ta riga ta rufe, su koma gida ba a rubuta musu ko layi ɗaya mai amfani ba, kuma abin yana damuna don yawanci damuwarsu ta gaske ce.

Da farko ka raba abu biyu a kanka. Takardar neman ƙarin wa'adi hanya biyu take bi a lokaci guda. Hanya ta farko ta lafiyar injin ce, wato tsufa, ana duba ko ƙarfen tukunyar ya yi gautsi saboda shekarun da ya yi yana shan burbushin nukiliya, ko siminti ya tsage, ko bututun da ke binne a ƙasa ya yi tsatsa, ko wayoyi sun bushe, wannan yana ƙarƙashin sashe na 54 na ƙa'idojin hukumar. Hanya ta biyu ita ce tamu, ta muhalli, sashe na 51, kuma tushenta dokar muhalli ta ƙasa ce, NEPA, da shugaba Nixon ya sa wa hannu ranar 1 ga Janairun 1970. Ita dokar ba ta ce wa gwamnati kar ki yi ba, cewa ta yi ki duba da kyau ki faɗa wa jama'a abin da kika gani kafin ki yanke hukunci. Kuma a wannan tasha ɗin dai ta Calvert Cliffs aka fara gwada ƙarfin dokar, a 1971 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Washington ta tilasta wa tsohuwar hukumar nukiliya ta lokacin ta ɗauki binciken muhalli da gaske, bayan mutanen da ke tsoron abin da ruwan zafi zai yi wa mashigin Chesapeake sun kai ƙara.

Abu na gaba ka san lokaci. Kamfani ba zai iya shigar da takarda ba sai saura shekara 20 ko ƙasa da haka lasisin ya ƙare, kuma idan ya shigar saura aƙalla shekara 5 to ko da wa'adin ya cika ba a gama bincike ba tashar za ta ci gaba da aiki har a yanke hukunci. Don haka ka duba ranar da lasisin tashar zai ƙare, yana nan a shafin NRC, ka ƙirga baya. A cikin takardar akwai rahoton muhalli da kamfanin da kansa ya rubuta, shi za ka fara saukewa, kyauta ne, a rumbun takardun hukumar da ake kira ADAMS, kowace takarda tana da lamba mai farawa da ML, ka dinga rubuta lambobin nan a wani wuri don sai ka buƙace su. Ka karanta shi kana sane da cewa mai neman abu ne ya rubuta, ba lallai ƙarya bane amma ba zai ɗaga murya akan abin da zai kawo masa cikas ba.

Yanzu ga inda ya fi komai muhimmanci, dan Allah a nan ka nutsu. NRC ba ta fara binciken kowace tasha daga tushe. A 1996 ta fitar da wani ƙaton kundi na bai ɗaya mai lamba NUREG-1437, ta jera batutuwan muhalli 92, ta ce 69 daga ciki tasirinsu iri ɗaya ne a duk tashoshi don haka an gama magana a kansu, sune rukuni na 1, sai 21 da ta ce dole a duba su a kowace tasha daban, rukuni na 2, sauran biyun ba a sa su a kowane rukuni ba. An sabunta kundin a 2013 an sake a 2024, a na 2024 batutuwan 80 ne, 59 a rukuni na 1, 20 a rukuni na 2. Kowane batu ana ba shi maki ɗaya cikin uku, ƙarami ko matsakaici ko babba. Ma'anar wannan a aikace ita ce idan ka tashi a taro ka yi minti biyar kana magana akan batun rukuni na 1, amsar da za ka gani a ƙarshen rahoto ita ce an riga an duba wannan a kundin bai ɗaya, shikenan an wuce. Ƙofa ɗaya ce aka bari a buɗe, sai idan ka kawo bayani sabo kuma mai nauyi, wanda zai nuna abin da kundin ya faɗa bai dace da wannan tashar ba. Saboda haka kafin ka rubuta komai ka buɗe teburin da ke ƙarshen sashe na 51, ana kiransa B-1, ka nemo damuwarka ka ga a wane rukuni ta faɗa.

Akwai kuma abubuwan da ko ƙofar ma ba su da ita a wannan binciken. Tsarin kwashe mutane idan hatsari ya faru, tsaron tashar daga hari, da tambayar ko ana ma buƙatar wutar ko ta yi tsada, duk hukumar tana cewa ba hurumin sabunta lasisi bane, na farkon biyu wai ana sa ido a kansu kullum ta wata hanyar, na ƙarshen kuma na jihohi ne da kasuwa. Ni dai a ganina batun kwashe mutane bai kamata a ajiye shi gefe ba, tashar da aka gina cikin gonaki a farkon shekarun 1970 yau gari ya zagaye ta, amma haka ƙa'idar take, idan shi ne damuwarka hanyarsa daban, takardar koke ta neman a canza ƙa'ida ko ta hannun ƴan majalisa. Haka sharar nukiliya, wato sandunan man da aka gama amfani da su, ƙasar har yau ba ta da ramin ajiya na dindindin tunda aikin dutsen Yucca a Nevada ya tsaya, sharar na nan zaune a harabar tashoshi cikin ruwa ko cikin manyan randunan ƙarfe da siminti. A 2012 kotu ta soke tsohon matsayin hukumar akan wannan, a 2014 hukumar ta fito da sabuwar ƙa'ida da ta mayar da batun na bai ɗaya, an sake rufe shi kenan. Haƙar yuraniyom da sarrafa shi ma a tebur ɗaya aka dunƙule su aka sa a rukuni na 1, duk wanda ya san Arlit da Akokan a arewacin Nijar ya san tulin ƙasar da haƙar ke bari ba abin tebur ɗaya bane.

Toh ina ƙofar take a buɗe? Ruwa. Idan lokacinka kaɗan ne ka zuba shi duka akan ruwa. Tukunyar nukiliya kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin da take samarwa ne kawai ke zama lantarki, sauran biyun dole a zubar da su wani wuri, ko ta hasumiyar sanyaya ruwa mai fitar da tururi, ko kuma a zuƙo ruwan kogi ko teku ya ratsa ya ɗauke zafin a mayar da shi da ɗumi. Tambayarka ta farko kenan, wannan tashar wane iri ce? Idan mai zuƙowa ta mayar ce to batutuwan kifi suna rukuni na 2 kuma anan ake fafatawa. Ɓarnar iri uku ce, manyan kifaye da ƙarfin ruwa ke mannawa jikin ragar bakin bututu, sai ƙwai da ƴan mitsi-mitsin kifi da ke wucewa ta ragar su shiga cikin injin zafi da matsi su kashe su, sai kuma ruwan ɗumin da ke fita ya canza rayuwar wurin. Tashar Indian Point da ke bakin kogin Hudson arewa da birnin New York, inda ƴan uwanmu da yawa ke zaune, tana zuƙar ruwa kusan galan biliyan 2.5 a kullum lokacin da take aiki. Kamfanin Entergy ya nemi ƙarin wa'adi a 2007, a 2010 jihar New York ta hana shi takardar shaidar ingancin ruwa, aka yi ta shari'a shekara da shekaru, a ƙarshe aka yi yarjejeniya aka rufe tukunya ɗaya a Afrilun 2020 ɗayar a Afrilun 2021. Oyster Creek ta New Jersey ta samu ƙarinta a 2009 amma jihar ta matsa sai an gina hasumiyar sanyaya ruwa, kamfanin ya ga gara ya rufe da wuri, aka rufe a 2018.

Ka lura da wanda ya riƙe wuyan kamfani a misalan nan biyu, jiha ce ba NRC ba. Wannan shine abin da mutane suka fi mantawa. Hukumar ba za ta iya ba da ƙarin lasisi ba sai jiha ta ba da shaida ƙarƙashin sashe na 401 na dokar tsaftar ruwa ko ta yafe, idan tashar na bakin teku ne akwai wata amincewar ta hukumar gaɓar teku ta jihar, ga kuma izinin zubar da ruwa da ake sabuntawa duk shekara biyar, kowanne da nasa lokacin jin ra'ayin jama'a. Don haka ka bi layi biyu, na tarayya da na jiha, kuma sau da yawa a na jihar maganarka ta fi saurin tasiri.

Sai ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ka nemi kalmar tiritiyom a rahoton, wani nau'in haidirojin ne mai fitar da burbushi, yana bin ruwa duk inda ya je saboda shi kansa ɓangaren ruwan yake zama, rabinsa na ƙarewa ne a shekara 12 da ƴan watanni. Iyakar da hukumar kare muhalli EPA ta sa a ruwan sha ita ce fikokuri 20,000 a lita ɗaya, fikokuri awon ƙarfin burbushin nukiliya ne, da wannan ma'aunin za ka gwada duk lambar da ka gani. Ka duba taswirar rijiyoyin gwaji da ke harabar tashar, ina suke, ruwan ƙasa ta ina yake gangarawa, lambobin suna hawa ne ko sauka cikin shekara biyar ɗin baya. A Vermont Yankee a Janairun 2010 aka gano yoyon tiritiyom daga bututun ƙasa ana tsakiyar neman ƙarin wa'adi, NRC ta ba da ƙarin a Maris 2011 amma amincin da ke tsakanin tashar da mutanen jihar ya riga ya lalace, an rufe ta a ƙarshen 2014. Kowace tasha tana fitar da rahoton shekara na abin da ta saki a iska da ruwa, suna nan a ADAMS, ka kwatanta su da abin da kamfanin ya rubuta a takardar neman.

Turkey Point da ke kudu da Miami ita ce misalin da ya kamata kowa ya karanta. Ba ta da hasumiya, ruwanta yana zagaya wasu magudanai ne da aka haƙa masu tsawon kusan kilomita 270 a jimlace, rana na ƙona ruwan gishiri na taruwa har ya fi na teku, ruwan gishirin nan mai nauyi ya nitse ƙasa yana tafiya yamma wajen ma'ajiyar ruwan ƙarƙashin ƙasa ta Biscayne wadda mutanen yankin ke sha, kuma a cikin magudanan nan kadoji ke ƙwai, irin da doka ke karewa. A Disambar 2019 ita ce ta farko da aka ba izinin kaiwa shekara 80. Ƙungiyoyin muhalli suka ce kundin bai ɗaya na 2013 don ƙarin farko aka rubuta shi ba na biyu ba, a Fabrairun 2022 kwamishinonin NRC da kansu suka yarda, suka mayar da wa'adin Turkey Point da na tashar Peach Bottom ta Pennsylvania baya har a sake bincike, sai a 2024 aka mayar wa Turkey Point nata, kuma wannan rigimar ce ta haifar da sabon kundin 2024. Ba ihu ya jawo haka ba, wasu ne suka zauna suka karanta ƙa'idar kalma bayan kalma.

Yanzu yadda za ka shiga. Bayan hukumar ta karɓi takarda za ta buga sanarwa a jaridar gwamnati Federal Register cewa za ta rubuta ƙarin rahoto na wannan tashar kaɗai, daga nan zangon tattara batutuwa ya buɗe, yawanci wata ɗaya ne zuwa biyu, ana yin taro a garin da ke kusa ko ta intanet. Wannan zangon kar ya wuce ka, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, a nan ake yanke abin da ma'aikatan za su je su duba idan sun kai ziyara tashar. A sanarwar akwai lambar fayil mai farawa da NRC da shekara, da ita za ka tura sharhinka a Regulations.gov, ko ka faɗa da baki a taro akwai mai ɗaukar magana yana rubutawa, duka ɗaya ake ƙirga su. Ba a tambayarka katin zama ɗan ƙasa kafin ka yi sharhi, amma ka sani duk abin da ka rubuta zai fito fili, kar ka sa lambar wayarka ko adireshin gidanka a cikin rubutun.

Sharhin kansa kar ka ce kawai ba ka yarda ba ko ka yarda, ba ƙuri'a ake kaɗawa ba, sharhi dubu masu kalmomi iri ɗaya amsa ɗaya ake ba su. Ka ambaci shafi da sashe, ka ce ga abin da aka rubuta, ga abin da ya ɓace, ga hujjata, ga abin da nake so a yi. Misali rahoton ya yi amfani da zafin kogi na shekarun baya alhali ma'aunin hukumar binciken ƙasa USGS na nuna ruwan ya ragu a rani, ko akwai unguwar da ke kamun kifi don ci a ƙasan bututun fitar ruwa kuma ba a ambace ta ba, ko akwai rijiyoyin gidaje da ba sa cikin taswira. Abin da ɗan gari ya sani wanda ma'aikacin Rockville bai sani ba shine jarinka. Batu ɗaya ko biyu da ka riƙe da kyau sun fi ashirin da ka taɓa sama-sama.

Bayan wasu watanni daftarin rahoto zai fito, a ba da aƙalla kwana 45 na sharhi. Kar ka fara daga shafi na ɗaya, ka je teburin taƙaitawa ka nemi duk inda aka rubuta matsakaici ko babba, sannan ka je rataye na baya ka ga me aka yi da sharhinka na farko. Ka duba babin zaɓuɓɓuka, inda ake kwatanta ƙarin wa'adin da rufe tashar a maye gurbinta da gas ko hasken rana da iska, anan adalci ya sa a faɗa cewa rufe tasha ma yana da kuɗinsa, bayan rufe Indian Point gas ne ya cike yawancin giɓin a New York. Ka duba wasiƙun hukumomin kifi da namun daji akan halittun da ke fuskantar ƙarewa, da wasiƙun ƙabilun asali. Al'ummar ƴan asali ta Prairie Island a Minnesota, waɗanda gidajensu ke ƴan ɗaruruwan mita daga randunan sharar tashar da ke wurin, sun zauna a teburin binciken a matsayin abokan aikin hukumar lokacin sabunta lasisin da aka bayar a 2011. Akwai kuma lissafin matakan rage ɓarnar babban hatsari, wanda wata shari'a akan tashar Limerick a 1989 ta tilasta, idan tashar ta taɓa yin lissafin a baya ba a sake sa ta yi daga farko.

Ka san ma'aunin da ake hukunci da shi don kar ka sa rai da yawa. Tambayar da ma'aikatan ke amsawa a ƙarshe ita ce, shin ɓarnar ta kai girman da barin ƙofar ƙarin wa'adi a buɗe zai zama rashin hankali? Shingen nan yana da tsawo sosai, shi ya sa abin da sharhi mai kyau ya fi samowa shine ƙarin rijiyoyin gwaji, gyaran lambobi, sharuɗɗa a lasisi, da kuma rubutacciyar shaida da lauya zai tsaya a kai gobe, don kotu ba ta cika sauraron batun da ba a taɓa ɗagawa a gaban hukumar ba.

Idan kana so ka wuce sharhi akwai neman zaman shari'a a gaban kwamitin alƙalan hukumar mai mutum uku, yawanci kwana 60 ake bayarwa daga ranar sanarwa. Dole ka nuna abin ya shafe ka, wanda ke zaune cikin mil 50 daga tashar, kusan kilomita 80, ana ɗauka ya shafe shi, sannan ka kawo takamaiman ƙorafi da hujja ko ra'ayin ƙwararre, kuma ba za ka ƙalubalanci batun rukuni na 1 ba sai ka nemi izini na musamman. Wannan ba aikin mutum ɗaya bane gaskiya, ka nemi ƙungiyar da ta saba, kamar Mothers for Peace ta San Luis Obispo da ta shafe shekaru tun 1973 tana bin tashar Diablo Canyon ta California, ko ofishin taimakon shari'a na wata jami'a da ke kusa.

A da binciken gaba ɗaya yakan ɗauki wata 22 idan babu shari'a, 30 idan akwai. A 2023 majalisa ta gyara NEPA ta sa iyakar shafuka da ta lokaci, a watan Mayun 2025 kuma shugaba Trump ya sa hannu akan umarnin da ya ce hukumar ta dinga yanke hukuncin sabunta lasisi cikin shekara ɗaya. Kaga duk kwanakin da na lissafa a sama suna iya matsewa, don haka ranar da aka buga a sanarwar tasharka ita ce abin bi. Ka shiga shafin NRC na tashar ka yi rajistar imel ɗinka a jerin masu karɓar takardunta, ka kuma yi haka a hukumar muhalli ta jihar, kuma a ƙasan kowace sanarwa akwai sunan manajan aikin muhalli da lambar ofishinsa, ka kira shi ka tambayi ranar taro da ranar da ake sa ran daftarin zai fito.